Zan kai mahaifiyata Masar: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya. Na daɗe ina tara kuɗi don in kai mahaifiyata da maiɗakina Masar. Hajiya tana da shekara 68, tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini, kuma burinta ta yi salla a Azhar, ta ga gawar Fir'auna da idonta. Hutuna kwana takwas ne a watan Disamba. Wani ejan ya kawo mini tsari mai Alƙahira da Luksor da Aswan da Sharmul Shaikh duk a cikin kwanakin. In karɓa ne, ko in shirya da kaina? Me zan fara yi, kuma nawa zan tanada?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa Hajiya ta gama da kai lafiya. Tambayarka uku ce a dunƙule: tsarin da ejan ya kawo, takardu, da kuɗi. Ni kuwa na zauna a Alƙahira ina ɗalibi, daga baya na shafe shekaru ina raka ayarin matafiya daga Kano, masu ziyara da masu neman magani, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da na gani ne. Zan fara da tsarin ejan, domin idan aka gyara shi sauran duk sai su yi sauƙi.

Kada ka karɓe shi yadda yake. Kwana takwas a takarda ne, a aikace shida ne, tunda ranar zuwa da ranar dawowa na filin jirgi ne. Luksor tana kudu da Alƙahira da fiye da kilomita 600, Aswan ta ƙara gaba da fiye da 200, Sharmul Shaikh kuma tana can ƙarshen yankin Sina'i, a wata kusurwa dabam. Haɗa su a kwana shida yana nufin hawa jirgin cikin gida sau uku ko huɗu, yawanci da asuba, da ɗaure kaya da kwance su kullum. Saurayi mai jaka ɗaya zai iya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa, a kwana na uku za ta ce muku ku je ku dawo ta jira a ɗaki, kai kuma ka biya kuɗin abin da ba ta gani ba. Abin kallon Luksor ma na ƙafa ne: kaburburan sarakuna sai an gangara cikin dutse ta matakala, haikalin Karnak kuma fili ne da ake yini ana zagayawa a rana. Ba wai ejan ɗin macuci ba ne. Tsari mai sunayen garuruwa da yawa ya fi saurin sayuwa, shi ya sa ake jera su. Amma abin da Hajiya ta ambata da bakinta, Azhar da gawar Fir'auna, duka a Alƙahira suke, kuma tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a mota idan hanya ta yi kyau. Ku zauna a Alƙahira, ku kwana ɗaya a Iskandariyya in jiki ya ba da dama. Luksor da Aswan ka ajiye su sai wata shekara, kai da maiɗakinka.

Takardu, bi da bi

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da tikiti saboda ya ga araha. Tikiti shi ne na ƙarshe. Fara da fasfo: ka duba na ku ukun yau ɗin nan, ya zama kowanne yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ku shiga Masar, da shafukan da ba a buga wa hatimi ba. Fasfon tsofaffi ne ya fi ba mu wahala, domin tun dawowa daga Makka ake jefa shi a ƙasan akwati, sai ana gobe tafiya a tarar ya mutu.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Masar tana neman sa daga duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wadda aka yi sau ɗaya ta isa har abada. Idan Hajiya ta taɓa sauke farali, akwai yiwuwar an yi mata tun lokacin, sai a nemo katin a kai wa jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa su duba. Idan kuma ba a taɓa yi mata ba, kada a kai ta a soka kawai. Wanda ya haura shekara 60 likita ne ke fara duba shi kafin wannan allurar, saboda ta fi yi wa tsofaffi nauyi. Kuma kada ka yarda da masu cewa ka kawo kuɗi a kawo maka kati ba allura.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma Masar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Abin da aka saba nema shi ne fom da hotuna, bayanin asusun banki na 'yan watanni, wasiƙa daga wurin aikinka, shaidar masauki, da shaidar an riƙe maka kujerar zuwa da dawowa. Tunda kai ne ke ɗaukar nauyin mutum biyu, ka rubuta wasiƙar da ta faɗi haka, ka haɗa da takardar aure da abin da ke nuna Hajiya mahaifiyarka ce. Kada ka aro kuɗi ka zuba a asusu ana saura mako guda. Masu dubawa sun san wannan dabarar. Sharuɗɗan sukan sauya, don haka jerin da ofishin jakadancin ya ba ka a makon da za ka nema shi ne abin bi, ba nawa ba. Ka fara wata biyu zuwa uku kafin tafiya. Ni na taɓa biye wa wani ɗan tsakani da ya rantse mini biza za ta fito cikin mako guda, na bar iyali guda suka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Bizar ta fito, amma bayan jirgin ya tashi da kwana huɗu. Rabin asarar daga aljihuna ta fita, kuma tun daga ranar ba na barin kowa ya biya tikiti sai na ga biza a fasfo.

Idan ta fito, nemi jirgin da ke tafiya kai tsaye. EgyptAir yana tashi daga Kano da Abuja da Legas zuwa Alƙahira, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar daga Arewa, sai dai ba kullum yake tashi daga kowane gari ba, don haka ranakun jirgin ne za su yanke maka ranakun hutu. Za ka iya samun mai araha da zai bi ta Adis Ababa ko wani wuri, amma awannin zaman jira a filin jirgi da tsohuwa sun fi ƙarfin ragin da za a yi maka. Lokacin sayen tikitin ka ce a rubuta wa Hajiya keken tura marasa ƙarfi, aƙalla kwana biyu kafin tashi. Kyauta ne, kuma mai tura ta yakan wuce da ku layin jami'an shige da fice ba dogon tsayuwa. Tsofaffinmu kan ƙi, wai su ba guragu ba ne. Ka lallashe ta.

Maganinta na hawan jini da na gwiwa a sa su a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, da takardar likita. Ka buɗe jakar ka duba da kanka, kada a samu taramol ko kodin a ciki. Masar ba ta wasa da taramol: a 2017 wata 'yar Ingila ta sha hukuncin ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyi kusan 290 da aka samu a akwatinta. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko da ɗan unguwarku ne mai ɗa a Azhar.

Dala biyu ce a wannan tafiya

Akwai dalar da za ku je kallo a Giza, akwai kuma wadda za ta fita daga aljihunka, kuma ta biyun ce ke hana mutum barci. Ba zan ba ka adadi ba, domin naira da fam ɗin Masar duka ba sa zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2024 kaɗai, fam ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a dalar Amurka ɗaya cikin yini guda. Duk lambar da na rubuta yau, kafin Disamba ta zama ƙarya. Abin da zan ba ka shi ne yadda ake lissafin. Ka yi shi da dalar Amurka. Tikiti uku su ne kaso mafi tsoka, sai masauki, kuma ɗaki biyu za ka kama, ko gida mai ɗakuna da kicin. Abinci da mota a Alƙahira ba su da tsada ga mai riƙe da dala. Kuɗin shiga wuraren tarihi kuwa yana da nauyi, domin farashin baƙo dabam, na ɗan ƙasa dabam, sau uku kuma za ka biya kowanne tunda ku uku ne. Masallatai irin su Azhar da Husaini ba a biyan kuɗin shiga. Idan ka tara duka, ka ɗora kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana. Kuɗin tsaraba ka ware shi a wata jaka dabam tun daga gida, in ba haka ba kasuwa za ta cinye kuɗin masauki.

Wani abu da ke kama mutanenmu ba shiri: manyan wuraren tarihi, har da Giza da gidajen tarihi, sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayar da tikiti, sai kati. Ka je bankinka ka tabbatar katinka yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai iya biya, ko ka buɗe asusun dala ka karɓi katinsa. Ka tambaye su kuma batun guzurin matafiya da ake kira PTA. Tsabar dala ka riƙe sababbin takardu, ka canja a banki ko shagon canji mai lasisi, ba a bakin titi ba. Ka nemi canjin ƙananan fam da yawa, saboda bakshish. Shi ne na goro a can, kuma kowa na sa rai: mai ɗaukar kaya, mai ajiye takalma a masallaci, mai tsaron banɗaki. Ba cuta ba ce, al'ada ce, kuma kaɗan ake bayarwa.

Disamba lokaci ne mai kyau, sai dai akwai sanyi. Da rana yakan kai digiri 19 ko 20, da dare ya sauka wajen 10, kuma sanyin mai laima ne, yana shiga ƙashi fiye da hunturunmu. Gidajensu an gina su ne don zafi. A tafi wa Hajiya da rigar sanyi da safa da mayafi mai kauri, ka kuma tambayi masauki ko na'urar ɗakin tana dumama. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, wuraren tarihi na rufewa da wuri, don haka fita da safe ce ke da riba. In hutunka zai matsa, ka zaɓi rabin farko na watan, domin daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara Turawa ke cika garin, komai ya yi tsada.

Yadda zan raba kwanakin

Alƙahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, kuma cunkoson motocinta ya fi na duk inda ka sani a Arewa. Ƙa'idata da tsofaffi ita ce babban wuri ɗaya a rana, a dawo a huta bayan azahar, da yamma a yi ɗan abu mai sauƙi. Ku sauka a tsakiyar gari, ko Dokki, ko Zamalik, inda ko'ina bai yi nisa ba, kuma ka tabbatar ginin yana da lif mai aiki kafin ka biya. Uber da Careem suna aiki, sun kuma raba ka da cinikin tasi. Lambar motocinsu da lambobin Larabci ake rubutawa, amma wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wahala ba.

Ranar farko a ba wa Azhar, tun ƙafa ba ta gaji ba. An aza tubalinsa a 970 Miladiyya, kuma a ƙarnonin da suka wuce akwai sashen kwanan ɗalibai da ake kira Ruwaƙin Barnawa, na mutanen da suka fito daga yankinmu. Ka faɗa wa Hajiya wannan a tsakar masallacin, za ka ga yadda fuskarta za ta canja. Tsallaken titi masallacin Husaini ne da kasuwar Khan Khalili. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakinku, ku je da wuri sosai, domin sashen mata yana cika.

Rana ta biyu ita ce ta Fir'auna, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata. Tsofaffin matafiya za su ce maka ka je gidan tarihi na dandalin Tahrir. Da can haka ne, amma a watan Afrilu na 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 aka mayar da su Gidan Tarihin Wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Wurin sabo ne, a shimfiɗe, ana iya tura keke, kuma ba a ɗaukar hoto a zauren gawarwakin. A can za ku ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, da ɗansa Marnabtah. Ɗan jagora zai nuna ɗaya daga cikinsu ya ce ga Fir'aunan Annabi Musa. Masana tarihi ba su haɗu a kan ko wanne ba ne, kuma babu rubutu a jikin gilashin da ya ce haka, don haka ka faɗa mata gaskiya tun kafin ku shiga. Daga nan masallacin Amru bin Asi bai da nisa, shi ne na farko da aka gina a Masar, wajen shekarar 642. Kyakkyawan haɗi ne a yini ɗaya: a fito daga gaban wanda ƙasa ta taɓa zama a tafin hannunsa, a je a yi azahar.

Giza ku ba ta yini guda, da sassafe. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai kusan mita 146 lokacin da aka gama ta, shekara 4,500 da suka wuce, wato ta girmi Ramsis da fiye da shekara dubu. Wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano yana zaton ya san siffar, sai ya tsaya a gindinta ya ga dutse ɗaya ya kai masa ƙirji. Shiga cikinta tikiti ne dabam, kuma hawa ne a sunkuye cikin matsatsin rami mai zafi, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki. Hajiya kada ta gwada. Kai ma ba ka rasa abu mai yawa ba. Masu raƙuma da dawakai za su yi muku caa. Raƙumi ba baƙonmu ba ne, ka ce "la, shukran" ka wuce, in kuma maiɗakinka na son hoto, a gama ciniki har da kuɗin saukowa kafin ta hau. Babban Gidan Tarihin Masar, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025, yana nan kusa da kimanin kilomita biyu, da kayan kabarin sarki Tutankhamun fiye da 5,000. Yana da girma ƙwarai, don haka ko dai ku nemi keke a ƙofa, ko ku ware masa wata safiya.

Rana ta huɗu ta ziyara ce, in kuna da ra'ayi: ƙubbar Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, da Sayyida Nafisa, da masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879, wanda ni a wurina ya fi ko'ina natsuwa a garin. A wajen Ƙofar Ƙarafa aka binne Imamu Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalaini biyu da ake karanta tafsirinsu a masallatanmu da azumi, wanda kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. An yi ta yanka sababbin tituna a cikin maƙabartar a 'yan shekarun nan, hanyoyi sun canja, don haka kada ku shiga ba tare da ɗan gari ba. Hukuncin ziyarar kabari ga mata, ko kallon gawarwakin, ba fagena ba ne. Ku tambayi malaminku tun a gida don kada gardama ta tashi a mota.

Iskandariyya tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ce a jirgin ƙasa. Ana zuwa don a ga teku, a ci kifi, a ziyarci masallacin Busiri mai Burda, wanda ke daf da na Abul Abbas Mursi. A Disamba akan yi ruwa da iska a can. In ka ga Hajiya ta gaji, ka soke, ku hau kwale-kwale a Kogin Nilu da la'asar a maimakonsa.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Mulukhiyya miyar lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade kuma zoɓo ne ba wani abu ba. Akwai ful, wato wake, da koshari mai shinkafa da taliya. Abincinsu ba yaji, ku tafi da dakakken yajinku a roba mai rubutu. Ruwan roba kawai za ku sha, kuma a kula da gishiri saboda hawan jinin.

Ejan ko kai da kanka

Ni tsaka-tsaki nake ba da shawara. Ka bar wa ejan mai rajista da ofis abin da ya fi ka sani, wato harhaɗa takardun biza da tikiti, ka biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit. Masauki ka zaɓa da kanka a intanet, wanda ake iya sokewa ba asara. A can kuma ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi na ranar Giza kawai, ka gaya masa tun farko ba ka son a tsaya a shagon turare ko na bardi, wato takardar rubutun Misirawan da, domin yawancinsu suna da kamasho a can kuma awa biyu za ta tafi. Sauran kwanakin, ɗalibanmu na Azhar suna da yawa a unguwar Madinatu Nasr, suna jin Hausa da Larabcin titi, sun san inda ake samun tuwo. Ka samu ɗaya ta hannun wanda ka amince da shi, ku yanke abin da za ka ba shi a rana tun kafin ku fara, kada a bar shi a kan "sai abin da ka bayar".

Abin da ba zan iya yanke maka ba shi ne ko jikin Hajiya zai ɗauki tafiyar. Likitanta ne zai faɗa, kuma a gan shi wata guda kafin tashi, a yi mata inshorar lafiya ta tafiya. Ranar dawowa ku bar masauki awa huɗu kafin tashin jirgi, domin filin jirgin yana can arewa maso gabashin gari. Kuma ku auna akwatunan tun da dare. A lungunan bayan Azhar ake sayar da littattafai da araha, kuma ban taɓa raka Bahaushen da ya shiga can ya fito hannu rabbana ba; saitin tafsiri ɗaya yana iya cinye rabin kilo 23 na akwati, kafin a zo kan jallabiyoyin da maiɗakinka za ta saya wa dangi.